Magen da ta tona kwallar Inna

Salamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina rubutawa ina gogewa, don tsoron a yi mini dariya. Amma yau mage ta cece mu!

Tun safe wata baƙar mage ke kuka a ɗakin mahaifiyata a Birni, tana yaƙushin kwallarta. A kore ta, ta dawo. Inna ta ce, "Wannan ba mage ba ce, turo ta aka yi!"

Na yi bismillah na buɗe kwallar. Ƙarni ya buge ni! Ashe ƙwayoyin man kifin da na saya mata don ciwon gwiwa ne zafi ya narkar, sun manne da juna. A haka take ɓantara tana sha!

Na ruga da su wajen maƙwabciyarmu mai aikin asibiti. Ta sansana ta ce, "Zubar, sun lalace. Kuma tunda Inna na shan maganin zuciya, kar ki sake saya sai likitanta ya yarda."

Da na dawo na faɗa wa Inna, sai ta dubi magen ta ce, "To ku ba baƙuwar nan nono."

Alhamdulillahi! Don Allah wanda ya sani, in likita ya yarda, ajiye sababbin ƙwayoyin a gindin randa ya isa? Ba mu da firigo na sanyaya kaya.