Albasa a Sama, Ganye a Ƙasa

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofofinsu, Mai Ganye ta riga ta share gaban teburinta ta yayyafa ruwa. Sai ta jera kaya: kabeji a gefe, karas kusa da shi, tumatir a faranti, alayyahu kuma ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta taɓa shi. A ƙarƙashin tebur akwai kwanon wake da kwandon busasshen kifi. Haka take yi tun gashinta yana baƙi. A ƙarshen watan nan za ta bar wa 'yar ƙanwarta teburin, don gwiwoyi sun ce sun gaji. Kafin ta tashi, ya kamata a faɗi abin da ido ya gani.

Tana da wani hali da masu sauri ba sa so. Ba ta miƙa maka kaya sai ta yi maka tambaya: me za a dafa, baki nawa za su ci, akwai mara lafiya a gidan? Amare da yawa a nan suka koyi cewa ba yawan mai ne daɗin miya ba. Ɗalibai masu zaman haya a nan suka ji cewa kabeji da ƙwai da albasa abinci ne, ba dole sai taliya kullum ba. Amma wanda ya fi kowa shaida shi ne Baba Tela, wanda shagonsa ke kallon teburinta.

Shekara da shekaru suna gaisawa, bai taɓa sayen ko tattasai a wurinta ba. Wannan aikin matarsa ne. Shi abin da ya sani game da kicin ɗin gidansa shi ne daga can kwano yake fitowa. Da matar ta rasu, maƙwabta suka yi ta aiko da abinci, sannan yau da gobe ta yi halinta, kwanuka suka ragu har suka ɗauke. Baba Tela ya koma shayi mai zaƙi da burodi da safe, soye-soyen bakin titi da rana, lemon kwalba a kai. Ga ciwon suga, ga hawan jini. Wata rana da hantsi jiri ya kwashe shi a kan keken ɗinki, sai a asibiti ya farka.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta zo daga garin da take aure. Ta buɗe tukwanen mahaifiyarta ta tarar da yanar gizo-gizo.

"Baba, in na dawo bayan hutun yara na same ka haka, ka haɗa kayanka. Gidanmu za ka koma."

"Gidan surukina? Ni?"

"Ya fi a kira ni a ce an tsince ka."

Bai musa ba, don ya san gaskiya ta faɗa. Amma tsoro ya kama shi. Ya bar ɗakin da suka tsufa a ciki, ya bar shagonsa da abokan hirarsa, ya je ya zauna yana jin nauyin tari a gidan mijin 'yarsa? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Washegari ya tsallaka titi ya tsaya gaban Mai Ganye yana sosa ƙeya.

"Lafiya, Tela? Ko allura ce ta faɗo nan?"

"Girki nake so in koya."

"Ka iya dafa ruwa?"

"Na shayi."

"To, ba daga nesa za mu faro ba."

Ta tambaye shi abin da likita ya hana. Ta ce ita ba likita ba ce, abin da aka hana shi ita ma ta hana. Ta gwada yi masa bayani, ta ga yana shiga ta kunnen dama yana fita ta hagu. Sai ta karɓi jakarsa ta yi abin da ya sa maƙwabtanta 'yan tebur dariya: ta sa alayyahu a can ƙasa, inda kowa ya san zai iya murƙushewa, ta ɗora kifi, ta ɗora tumatir, albasa a sama.

"Wake ka fara ɗorawa, sai ya yi laushi, kamar tsawon ɗinkin wando biyu. Daga nan ka buɗe jaka. Abin da hannunka ya fara taɓawa shi zai fara shiga tukunya. Mai cokali ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauko. Tsakanin albasa da tumatir, ɗinkin maɓalli ɗaya. Ganye kuwa yana shiga ka sauke."

Baba Tela ya isa gida, ya yi abin da ya saba yi da jakar yadi: ya juye ta a kan tebur. Ganye ya dawo sama. Shi kuwa mutum ne mai bin umarni, sai ya fara da shi. Da safe ya kawo mata tukunyar, abu baƙi-ƙirin da ɗanyar albasa tana yawo a kai. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta sake jera masa jaka, ta ce wannan karon ya riƙe ta a tsaye kamar jariri.

Sannu ba ta hana zuwa. Bayan wake da alayyahu aka shiga kifi da tumatir da citta da tafarnuwa, ba suya. Aka yi kabewa da kaza wadda aka cire wa fata. Aka yi shinkafa 'yar kaɗan, kabeji da karas su fi ta yawa a faranti. Ranar da ya yi ƙorafin ba ya jin gishiri, ta jefa masa lemon tsami ta ce ya matsa ya daina surutu. Ranar da bai zo ba, ta aika a duba shi.

Ke ce, Mai Ganye, wadda ba ta ɗauki kwano ta kai masa ba, alhali hakan ya fi sauƙi, kuma shi ne abin da mutane za su yaba. Kin san kwanon tausayi yana ƙarewa. Kin zaɓi wahalar koya wa tsoho mai taurin kai riƙe ludayi, kina tsokanarsa don kada ya ji kunya. Uwar marasa uwar girki, sannunki.

Hutun yara ya ƙare, Uwata ta iso da mota da kwalaye na zuba kaya. Ta tarar da mahaifinta a kicin, tsumman yadi a kafaɗa, yana yanka alayyahu da kyau kamar mai bin alli.

"Zauna, Uwata. Saura ganye."

Ta zauna tana kallonsa. Ya zuba mata wake da kifi, kore shar a kai. Ta cinye, ta miƙa faranti ya ƙara mata. Da safe ta kai shi asibiti aka gwada shi, likita ya ce an samu sauƙi sosai, ya ci gaba da magani da irin cin da yake yi. Da suka dawo ta daɗe a tsakar gida. Daɗi ya kama ta, baƙin ciki ma ya kama ta, don ta so ya bi ta. Daga baya ta ninke kwalayen ta mayar mota.

"Baba, ka zuba min sauran a kula. Jikokinka ba za su yarda ba sai sun ɗanɗana."

Mun gode, Mai Ganye. Allah ya ba gwiwoyi lafiya, ya sa a huta da daɗi. Ku kuma da kuka iya girki, in an yi rashi a maƙwabta, ku koma bayan 'yan gaisuwa sun watse, ku duba ko ana hura wuta a gidan. Baba Tela dai yana ɗakinsa. Ya ce a gaya miki, Mai Ganye, yau kifi ya ɗora, kuma ba wanda ya jera masa jaka.