Littafin Japan da Na Mayar wa Alhaji

Shekarar da ɗiyata ta biyu ta ci jarrabawar shiga kolej, na ce ta faɗi abu guda in saya mata. Na zaci za ta ce takalmi ko atamfa. Sai ta ce manga take so. Na sa ta maimaita. Ta ce littafin labari ne na mutanen Japan, duka zane ne, maganar ciki kuma an juya ta zuwa Faransanci, ta ga irinsa a hannun wata ƴar ajinsu. Na riga na yi alkawari gaban uwarta, ba halin janyewa. Amma a gidana takarda ba ta shiga hannun yaro sai na karanta ta daga farko har ƙarshe. Karatuna bai wuce aji shida ba, Faransancina a hankali yake tafiya, duk da haka ban taɓa sassauta wannan doka ba.

Ranar Talata na baro gonar tattasai a bakin kogin Komadugu na shiga Diffa. Akwai wani Alhaji mutumin Damagaram mai shagon kayan lakwal, wato makarantar boko, wurinsa nake sayen kaye da bik na rubutun yara. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Tsofaffin littattafai ne a ciki, an kawo masa daga Yamai. Yadda ya yi saurin jawo su bai kwanta mini ba. Kayan da ke tafiya ba a ɓoye shi ƙarƙashin tebur.

Na gaya masa sharuɗɗana. Na farko, babu shafin da ya ɓace. Na biyu, babu hoton rashin kunya. Na uku, tunda na ga kowane littafi da lambarsa, lamba ɗaya nake so.

Ya miƙo mini lamba bakwai. "Malam, ɗauki wannan, ya fi sabunta. Ai duk zane ne."

"Alhaji, ka taɓa ganin na tsinki tattasai kafin in dasa?"

"Kai dai ba ka sayen ko allura sai ka yi mata tambayoyi."

Na zazzage kwalin duka. Huɗu na ajiye gefe saboda tufafin matan ciki, biyu saboda takubba da jini. A ƙasa na sami lamba ɗaya, da hoton wata yarinya riƙe da babban kifi, tufafinta a rufe. Abu guda na lura da shi: hoton da lambar a bangon baya suke. Na riƙe wannan a raina, na saya.

Bayan la'asar na zauna a tsakar gida na buɗe shi yadda mushe, malaminmu, ya koya mana a lakwal, daga hagu. Shafi uku kawai na yi na san akwai matsala. Yarinyar tana kuka a kan fasasshen kwano, gaba kaɗan sai ga kwanon lafiya lau a hannunta. Wani tsoho yana yi mata faɗa tun ba ta yi laifi ba. An ci kifi, sannan aka dafa shi, sannan ga shi yana iyo a bokiti. Amsa tana zuwa kafin tambaya. Na duba lambobin shafi, na ga raguwa suke yi. Na ce ɗayan biyu ne: ko an ɗinka littafin a juye, Alhaji ya sani ya sallama mini, ko kuma da gangan aka yi shi don a birkita kan yara.

Ɗiyata ta leƙo. "Baba, ka gama?"

"Ba za ki karanta wannan ba."

Ba ta yi gardama ba, ba a gardama da ni. Ta koma ɗaki. Kwana shida tana gaishe ni idonta a ƙasa, uwarta kuma tana ajiye mini tuwo ta juya abinta.

Talatar da ta zagayo na dangwarar da littafin gaban Alhaji. Ya rantse bai san komai ba. Muka buɗe sauran na kwalin, duk haka suke.

"To ashe kwalin duka jabu ne," na ce.

A bakin shagon akwai wani dattijo mai sayar da littattafan addini a kan tabarma, cikin waɗanda suka ƙetaro daga Najeriya. Ya miƙo hannu. "Kawo in ga abin da ya haɗa manya faɗa." Ba ya karanta Faransanci ko harafi ɗaya. Ya buɗe daga dama, kamar yadda hannunsa ya saba, ya bi hotunan da yatsa daga dama zuwa hagu.

"Ga kifi da rai. An yanka. An dafa. An ci. Malam, ina laifin kifin nan?"

Na karɓa na bi yadda ya bi. Kwanon ya fashe bayan ta ɗauke shi, tsohon ya yi faɗa bayan an yi laifi.

"Ba ka yi allo ba kafin lakwal?" in ji dattijon. "Nasara ya mantar da kai inda littafi yake da ƙofa?"

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Na tambaye su dalilin da rubutun zai tafi hanyar Faransanci, shafukan kuma su tafi hanyar Larabci. Na zauna a bencin shagon na karance shi daga farkonsa na gaskiya, har aka kira azahar.

Labarin marainiya ne mai koyon girki a gidan abincin kakanta a bakin teku. Tsohon yana da zafi, amma duk faɗan da ya yi yana da gaskiya. Ban sami abin kunya ba. Sai dai akwai kalmomi da yawa da suka fi ƙarfina, kuma kusa da ƙarshe wani mai kwat ya shigo, yana ta murmushi, yana yabon miyar tsohon, ni kuwa ban yarda da shi ba.

Da na koma gida na kira ɗiyata, na miƙa mata littafin. Ta sa hannu biyu, ban saki ba tukuna.

"Da sharaɗi. Kullum bayan la'asar ki karanta mini shafi goma a fili. Kalmar da ban sani ba ki fassara. Ba tsallake."

"To, Baba."

Ta zauna a tabarma ta fara da murna. A rana ta takwas muka iso wurin mai kwat ɗin. Na ce ta dakata, ta sake karanta mini maganarsa a hankali.

"Baba, ai mutumin kirki ne. Cewa ya yi miyar ta yi daɗi."

"Sau uku ya faɗa, kuma cokali ɗaya ya sha. Ci gaba."