Sili Uku na Gashin Bakin Damisa

Ni fa har yau ba na iya tsayawa inda ake babbaka. Jiya na bi ta bayan mahauta a kasuwar Jimeta, suna babbake kan saniya, ƙaurin gashin nan ya daki hancina, sai na yi sauri na bar wurin. Na ce to, tunda abin ya ƙi sakina, bari in faɗa muku shi yadda ya faru, ko da yake ni ce mai laifin a ciki.

A Damare na tashi, tsallaken kogi, a gidan kakana na wajen uba. Lokacin ina aji uku, a shekarun da malamai ke ta nanata mana cewa jiharmu yanzu Arewa maso Gabas ce. Kaka maharbi ne, ni kuma 'yar lelensa. Amarya yake kirana, in ce masa wa zai auri tsoho mai warin albarushi, ya yi ta dariya har da tari.

A bakinsa na san damisa tun ban taɓa ganinta ba. Ya ce ita kaɗai take yawo, ba ta shiga garke. Kukanta kamar ana yanka katako da zarto. Sawunta ba ya nuna farce, na kura ne ke nunawa. In ta kashe akuya sai ta haye da ita bishiya ta rataye a reshe, ta yi kwana uku tana dawowa tana ci. 'Ya'yanta kuma a kogon dutse take ɓoye su, tana sauya musu wuri. Ba ya son harbinta, don a cewarsa ita ce ke rage mana biran da ke ɓarnar dawa.

Amma a kakar wata shekara, dawa ta nuna, kogi ya fara ja da baya, wata damisa ta sauko daga duwatsu ta cinye awakin unguwa har biyar. Mutane suka matsa, Kaka ya je ya harbo ta. Da hantsi aka shigo da ita rataye a sanda, aka shimfiɗe a zaurenmu.

To, akwai al'ada. Mutanenmu sun yarda cewa gashin bakin damisa guba ne: a yayyanka shi a zuba wa mutum a abinci, sai ya yi ta ramewa har ya mutu. Saboda haka ba a feɗe ta sai Jauro, wato mai unguwarmu, ya zo an babbake gashin bakin nan a gaban jama'a, kowa ya shaida ba wanda ya ɓoye ko sili. Na san da wannan sarai, kada ku ce yarinta ce ta rufe min ido. Amma akwai wata a ajinmu da ke cewa kakana zomaye kawai yake harbi, ni kuma bakina bai iya yin shiru. Da maza suka fita tarbar Jauro, na ɗauko rezar Goggo, ƙanwar babana da ke mana girki, na yanko sili uku, farare, masu tauri kamar tsinken tsintsiya, na cusa a littafin karatuna don in nuna wa yarinyar nan.

Jauro ya durƙusa da wuta a hannu, sai ya tsaya. Ya shafa kumatun damisar, ya ga guntayen da reza ta bari. Ya ɗago ya ce, "Baba, nan an yanka. Ina suke?"

Kaka ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe." Ina tsaye a bayan ƙyaure, ina jin komai.

Ba wanda ya zage shi. Da ma zagin aka yi, da ya fi sauƙi. Sai dai kwanon tuwon da Goggo ke aikawa maƙwabta ya fara dawowa yadda ya tafi, ko malmala ba a taɓa ba. Dattawan da ke cin abinci tare da shi a ƙofar gida kowa ya samo uzuri. Da wani maƙwabcinmu ya kwanta ciwon ciki, sai aka riƙa kallon zaurenmu ana rage murya.

Ranar da na ga Kaka zaune shi kaɗai gaban akushi, ya wanke hannu ya kasa ci, na kasa daurewa. Na ɗauko littafin na buɗe a gabansa ina kuka, na ce zan je in faɗa wa Jauro. Ya tsince silin nan uku ya jefa a murhu, sannan ya riƙe wuyan hannuna.

"Amarya, ba inda za ki. Ni na ci nawa abincin na duniya. Ke mace ce, in aka ce ke kika ɓoye wannan, wa zai ƙara cin abin da hannunki ya dafa?"

Kun san me na ji? Daɗi na ji. Wallahi sanyi na ji a raina cewa na tsira, na share hawaye na tafi wasan gaɗa. Wannan bai ma kai abin da na yi daga baya ba. A makaranta yara suka sa masa suna, tsoho mai gashin damisa, suka ce ni ma kada a ci gyaɗata. Na buɗe bakin nan nawa na ce, "Ni ina ruwana da shi? Ai ba ɗakinmu ɗaya ba." Na dawo gida ya ce amarya ta dawo, ya miƙo min rake, na karɓa na sha.

Bai ƙara ɗaukar bindiga ba. Shekara huɗu ya yi yana cin abinci shi kaɗai, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ba damisa a duwatsun nan, gonaki da gidaje sun cinye dajin. Jikokina a waya suke ganinta, in na ce gashin bakinta guba ne sai su kwashe da dariya, wataƙila ma su ke da gaskiya. Amma tsofaffin Damare da suka rage, in za su yi kwatancen gidanmu, har gobe da sunan nan suke yi.

Ni kuwa a Demsawo na yi aure, kuma girkin biki ne sana'ata shekara da shekaru. Ba gidan suna ko ɗaurin auren da ba a kirana. Mutane su cika ciki su sa min albarka, su ce hannuna akwai daɗi, su tambaye ni wurin wa na gada. Sai in ce wurin Goggo. Ko sau ɗaya ban taɓa ambatar tsohon da ya bar min wannan hannun ba.