Ƙarafan da Baffa Ya Karɓa

Baffana, yayan mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina ƙarama, shi ya aurar da ni, kuma shi ne babban sakatare a ma'aikatar da maigidana yake aiki. Saboda haka a ofis ba a cika kiran maigidana da sunansa ba, surukin oga ake cewa. Ko ƙarin girma ya samu da guminsa, sai a yi murmushi a ce ai an san dalili. Abin yana cin sa, ina gani, amma shi mutum ne mai haɗiye magana.

A shekarun nan na bayan yaƙin basasa manyan ma'aikatan Kaduna suka tsunduma cikin wasan golf da Turawa suka bar musu. Baffa ya ja maigidana zuwa filin, ya ba shi tsofaffin sandunansa masu kan ƙarfe, waɗanda 'yan wasan suke kira ƙarafa. Fatar mariƙinsu ta siɗe, kawunan sun yi tsatsa, ga su gajeru, don Baffa gajere ne mai tumbi, maigidana kuwa dogo. In zai yi bugu sai ya ranƙwafa kamar mai sharar tsakar gida.

Duk da haka ya iya. Akwai wani fili bayan gidanmu a Badarawa, kullum bayan la'asar yana can yana dukan ƙwallo har a kira magariba. Ba a jima ba ya wuce waɗanda suka koya masa. A filin golf ne kaɗai ake kiran sa da sunansa, don ba wanda zai ce suruki ne ya jefa masa ƙwallo a rami. Abokan wasansa suka fara gaya masa gaskiya: hannunsa ya fi ƙarfin ƙarafan nan, in ya samu daidai tsawonsa, kofin gasar shekara nasa ne.

Ya yi watanni yana juya maganar. Yau ya ce zai saya, gobe ya ce kyautar suruki ce, ajiye ta kamar ce masa ne ba ta ishe ka ba. Ni da na tashi a gidan Baffa na ce, “Malam, in za ka saya ka saya shiru. Kada ka kai masa maganar.” Ya ce tarbiyyarsa ba za ta bar shi ba. Ya je ya tuɓe takalmi a bakin falo, ya durƙusa, ya nemi izinin sauya sanda kamar mai neman aure.

Baffa ya ce, “Madalla, Allah ya sanya alheri. Tsofaffin kuwa ka aiko mini da su, tunda sun gama maka amfani.”

Wani abokinsa da ya je kwas Ingila ya zo masa da sababbin. Maigidana ya aika wa Baffa tsofaffin, ya shiga gwada nasa. Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin na makonnin nan ba. Ya miƙe tsaye sosai, ƙwallo tana tafiya inda ya aike ta, har waƙa na ji yana yi a banɗaki, shi da ko gaisuwa a hankali yake yi.

Ranar gasar aka gayyaci iyalai, muna zaune a barandar kulob da lemo a gabanmu. Ana shirin farawa Baffa ya taho da manyan abokansa, ya tsaya kan jakar maigidana. Ya zaro ƙarfe ɗaya, ya ɗaga shi a rana, ya kaɗa shi a iska. Sannan ya juya ga mutane ya ɗaga murya yadda har mu za mu ji.

“Kun ga ɗan halak. Na ba shi tsofaffi, ya je har Ingila ya sa aka kawo mini sababbi. Allah ya yi maka albarka.”

Aka hau yabo, wasu da suka gane abin da ake ciki suka sunkuyar da kai. Wane suruki ne zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce wa uban matarsa, kuma ogansa, ba naka ba ne? Maigidana ya rusuna ya ce, “Amin, Baba.” Da hannunsa ya kwashe su ya zuba a jakar Baffa. Na ji kamar in tashi in fasa kwalbar da ke gabana, amma na zauna, matar wani kwamishina tana ce mini na yi dacen miji.

Wani ya yi wa maigidana tayin aron nasa, ya ƙi, don karɓa na nufin ya nuna an ƙwace masa. Ya ce bayansa ne yake ciwo, aka cire sunansa. Baffa ya ce to ya raka shi ya ga yadda kyautarsa za ta yi aiki. Ƙarafan sun yi wa Baffa tsawo, ya dinga haƙar ƙasa da su kamar mai noman doya, tun kafin a yi nisa ya koma kan nasa. Maigidana ya bi shi rami bayan rami har aka tashi.

Bai sake zuwa filin ba. Sayen wasu zai zama ƙarar Baffa ce ya kai wa duniya.

Da babbar salla muka je gaisuwa. Muna shiga gidan muka tarar da jikokin Baffa a gindin mangwaro, kowa da ɗaya daga cikin sababbin ƙarafan nan a hannu, suna dukan rassa, ɗaya har ya lanƙwashe. Maigidana ya wuce su bai waiwaya ba, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Baffa yana kishingiɗe yana sakace, ya amsa gaisuwar a hankali.

“An ce ka bar wasa. Na so ka yi nisa, ashe ba ka da naci.”

Maigidana ya dubi darduma ya ce, “Aiki ne ya yi yawa, Baba.”