Ƙafafuna da Matsattsakun Kaka

A garinmu, can gefen Ollelewa, kowane yaro da aikinsa. Wani kiwo, wani korar tsuntsu a gona. Ni nawa aikin shi ne in shiga tafki in tsaya ƙiƙam har matsattsaku ya kama ni.

Kakata ce ta ɗora mini wannan sarauta. Gwiwarta takan kumbura, kuma duk duniya ba abin da take tsoro kamar askar wanzami. Ko ƙaho ta hango sai ta rufe ɗaki. Amma a ɗora mata matsattsaku ya sha jinin ya faɗi, har gyangyaɗi take yi.

"Maigida," haka take tsokanata, "jininka zaƙi gare shi. Je ka samo wa matarka magani."

Sai in naɗe wando in shiga, sa'o'ina na bakin ruwa suna yi mini kirari da kiɗan gwangwani. In na ji tsikari in fito a guje, ina ihu ina dariya, abin na reto a ƙwaurina, a zuba masa toka ya saki, a jefa a ƙoƙo. Na tsani aikin nan, amma ina son kirarin.

Shekarar da fara ta sauko wa gero, jirgin feshi ya zo. Ranar hankali ya bar garin. Muka bi shi muna ɗaga riguna, yana sauka ƙasa-ƙasa kamar zai tsinci hular mai gari, awaki suka watse, wani tsoho ya faɗa rumbu. Iska kuwa ta kwashi feshin ta kai kan tafki.

Da safe muka tarar da ruwan ya yi fari da gawa. Ƙwarin nan masu gudu a saman ruwa, tsutsotsi, jajayen ƙananan da mata ke tacewa da ƙyalle, duk sun taso. Matsattsaku kuma ga su nan a gefe, sun miƙe kamar tsofaffin igiyoyi. Buzayen da ke shayar da raƙuma suka yi ta murna, don matsattsaku ya daɗe yana shige wa dabbobinsu hanci. Ni kuwa har tsalle na yi da ka. Na shiga ruwa na tsaya, na miƙa ƙafa, na roƙe su su cije ni. Ko ɗaya. Na koma gida ina rawa, ina shelar na yi ritaya.

Kaka ba ta yi dariya ba. Gwiwar ta yi tulu, dole aka kira wanzami. Da ya zaro aska ta damƙe hannuna.

"Maigida, kar ka tafi."

Ban tafi ba. Ranar na ji tausayinta har cikin raina.

Tafkin ya ƙafe da rani kamar kullum. Da damina ta dawo ya cika, ƙwarinsa suka dawo kamar ba a yi komai ba. Ina wanka na ji tsikarin nan da na sani. Na fito da gudu ina ihu, na ƙi bari a zuba masa toka, na ratsa gari da shi manne a ƙafata. Sai da na kai ƙofar ɗakinta na tuna tun bazara muka binne ta.