Sun Zo Neman Yara Ranar Kasuwa

Yau shekara bakwai ke nan da muka raka wana, Malam Isiyaku, makwancinsa a Talata Mafara. Allah Ya haskaka kabarinsa. Na so in cika wannan fili da addu'a kawai, amma abin da na gani a watan nan ya hana ni.

Malam ya koyar da lissafi a wata sakandare ta garin nan har ya yi furfura. Duk ranar Talata, kafin ya taɓa alli, sai ya dubi kujerun da babu kowa. Ya san ranar kasuwa ce, kuma ɗan gidan da ake cikin matsi can ya nufa, ko dakon albasa ko tsaron rumfa. Yakan ce ɗalibi ba ya barin makaranta dare ɗaya. Da Talata yake fara ɓacewa, sai ta ja Laraba, in shinkafa ta fara nuna a gonakin Bakolori kuma korar tsuntsu ta cinye sauran.

Bayan la'asar sai ya shigo zaurena da sunaye. Ni ke rubuta wa iyaye takarda da ajami, don shi suke karantawa ba sai sun nemi wani ba. Shi kuma ya hau kekensa ya kai gida gida. Ranar Laraba in an tashi, sai ya tara yaran gindin dalbejiya ya maimaita masu abin da ya wuce su.

Bana aka kawo shirin tallafa wa ɗaliban da ake tsoron za su daina zuwa: ƙarin darasi, littattafai, da mai ba su shawara. Na yi hamdala. Sai ga ma'aikatan sun zo ɗaukar sunaye ranar Talata da hantsi, bayan sun manna sanarwa da Turanci a bangon ofis. Suka rubuta waɗanda suka tarar. Wanda ba ya nan, aka ce bai nuna sha'awa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ko maigadin makarantar ba su tambaya ba.

Cikin waɗanda ba su nan har da Hafsatu, autar Malam, 'yar aji biyu na babbar sakandare. Tun rasuwarsa take raka uwarta sayar da ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Lissafi ya kuɓuce mata, ita ɗiyar mai lissafi, har ta gaya wa uwarta in ta sake faɗuwa a wannan zangon ba za ta koma ba.

Na taka har wurin jami'in shirin. Saurayi ne mai ladabi, ya miƙe ya ba ni kujera, muka gaisa sosai. Da na gama bayani ya ce an rufe rajista, sunaye sun riga sun tafi. Na ce, "Ɗana, likitan da ya zo neman marasa lafiya, filin ƙwallo yake zuwa?" Ya yi murmushi ya ce haka tsarin ya zo.

Da Malam yana raye ba zai yi gardama da shi ba, tayar kekensa zai duba. Nan fushina ya juyo kaina. Shekara bakwai ban rubuta wa uban kowa takarda ba, ina jiran wasu su zo da mota su yi.

Talatar da ta wuce na fiƙe alƙalami na shiga kasuwa. Hafsatu tana nuna mini 'yan makarantarsu rumfa rumfa, ina rubutawa, sunanta a farko. Malam Bello, tsohon ɗalibin marigayi wanda yanzu yake koyarwa, ya karɓi darasin Laraba. Hafsatu ta je, ta dawo da aikin gida, tana mitar yawansa.

Keken ya yi tsatsa, dalbejiyar tana nan. Abin da ya rage na Malam shi ne duban kujerar da babu kowa. Na aika wa jami'in sunayen, na ce in zai dawo ranar Talata, kada ya tsaya makaranta. Ya zarce kasuwa, can yaransa suke.