Mai Riga da Tsirara

Lokacin da muka koma saman bene a Fagge, 'yata tana da wata tara, ta fara rarrafe. Barandarmu ƙarafa ne a tsaye. Na ɗauki zare na auna tsakaninsu, na auna kanta da zaren. Kan zai wuce, har da saura.

Babanta ya sayo ragar waya irin ta kejin kaji, ya ɗaure ta a jikin ƙarafan da maɗaurin roba fari, wanda ake zura wutsiyarsa a ja ya ƙulle. Da zafi ya shigo, rana ta cinye robar. Wata safiya na tarar uku sun karye kamar busasshiyar taliya, ragar ta buɗe baki daga ƙasa. Guntaye biyu na tsinta a ƙasa, na ukun a bakin yarinya na ciro shi.

Babanta ya ce zai gyara ranar Asabar. Asabar biyu suka wuce ina girki da ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Sai na goya ta, na hau adaidaita zuwa Sabon Gari, layin masu kayan wuta.

Mai shagon da na shiga Ibo ne, amma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu. Na ajiye masa guntun robar. Ya ce wannan ba na rana ba ne, ya fito da na silba kala biyu. Ɗaya yana ƙyalli kamar cokali, ɗaya an lulluɓe shi da baƙin abu.

"Wannan mai riga, wannan tsirara," in ji shi. "Madam, me za ki ɗaure? Waya ko bututu?"

Na ce yarinya.

Ya leƙa bayana, ya dawo da idonsa kaina. Sai na yi masa bayanin baranda. Ya ce tsirarar ta wurin zafi ce, jikin inji ko salansa, wuta ba ta damunta. Mai rigar kuma don kada gefenta ya yanki waya.

Na ce, "To idan aka tauna fa?"

"Madam, shekarata nawa a nan, ba wanda ya taɓa ci."

Na ce tawa za ta ci. Haƙoranta huɗu, ta riga ta gwada su a ƙafar kujera da takalmin babanta. Tsoro biyu nake ji: tsirarar ta yanka mata baki, ko rigar ta ɓare ta haɗiye. Sai na gwada da kaina. Na goge tsirarar da mayafina na ja gefenta a leɓena. Ban ji komai ba sai da na ɗanɗani gishirin jini. Na ɗauki mai rigar na sa a turmin haƙori na tauna da gaske, na juya ta, na sake taunawa. Sawun haƙori ya fito, amma ba ta ɓare ba.

Wani dattijo da ya zo sayen ƙwan fitila ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba, saya zan yi."

Mai shagon ya zuba mini masu riga a leda, ya saka wadda na tauna a ciki, ya ce ai ta zama tawa.

A gida na gano abin da bai faɗa mini ba. Idan ka yanke wutsiyar da ta yi saura, bakin yankan ba shi da riga, kaifinsa kamar reza. Kuma in ta ƙulle ba ta komawa baya. Guda biyu na ɓata kafin na gane. Sauran sai na zura hannu ta waje na ƙulle su daga can, ban yanke ko ɗaya ba, duk wutsiyoyin suna kallon titi. Maƙwabciyata ta ƙasa ta ɗaga kai ta ce barandarmu ta koma bushiya.

Da la'asar na sauke yarinyar. Ta rarrafa kai tsaye wurin da ragar ta taɓa buɗewa, ta kama da hannu biyu ta jijjiga. Ragar ba ta motsa ba. Ta lashi baƙar rigar sau ɗaya, ta yamutsa fuska, ta koma kallon motoci. Ina tsugune a bayanta riƙe da gefen rigarta. Sai a rana ta uku na saki.